Ibn Baɗuɗa: Alƙalin da ya ga inda ake haƙo kuɗin kakanninmu

Ɗan kasuwar da ke ƙirga naira a Dutsin-Ma ko Kurfi yana kiran abin da ke hannunsa kuɗi, amma ba kowa ya san cewa asalin kalmar jam'in wuri ba ce. Wurin nan kuwa ƙwanson wata 'yar halittar teku ne, kuma cikin waɗanda suka fara bayyana yadda ake samo shi akwai wani alƙali ɗan Maroko, Muhammad ibn Abdullah, wanda duniya ta sani da Ibn Baɗuɗa.

An haife shi a birnin Tanja a shekarar 1304, a gidan malamai 'yan mazhabar Malikiyya. Yana da shekara 21 ya fita aikin Hajji a 1325, bai sake taka ƙasarsu ba sai bayan shekara 24. Tafiya ta kai shi har Delhi, inda Sarki Muhammad ibn Tughluƙ ya naɗa shi alƙali, daga bisani ya tura shi jakada zuwa ƙasar Sin da kyaututtuka masu yawa.

Tafiyar ba ta yi kyau ba. A tashar jiragen ruwa ta Kalikut, guguwa ta farfasa jirgin da ke ɗauke da kyaututtukan, shi kuwa yana tudu domin ya tsaya sallar Juma'a. Sanin halin sarkin wajen saurin hukunci ya hana shi komawa Delhi. A ƙarshen 1343 ya shiga jirgi ya nufi tsibiran Maldif da ke tekun Indiya.

Tsibiran sun haura 1,000, ƙanana ne, an jera su rukuni-rukuni kamar zobe. Ibn Baɗuɗa ya lura cewa jirgi ba ya shiga rukuni sai ta ƙofa guda, kuma dole baƙon jirgi ya ɗauki ɗan gari ya yi masa jagora. Abincin mutanen kwakwa ne da wani jan kifi da suke dafawa su banda, su kai Indiya da Sin da Yaman. Da zaren bawon kwakwa suke tuƙa igiyar ɗinke katakon jiragensu, abin da ke sa jirgi ya lanƙwasa maimakon ya fashe idan ya bugi dutse.

Sai kuma wuri. Ya ga yadda ake tsamo shi daga teku da ransa, a zuba a ramuka a bakin gaɓa har naman ya ruɓe, farin ƙwanso ya saura. A can, wuri 400,000 ake bayarwa a dinaren zinariya ɗaya.

Mace ce ke sarautar tsibiran a lokacin, Sarauniya Khadija. Da fadawa suka gane ko shi wane ne, suka ɗora masa alƙalanci, ya kuma yi aure a gidajen manya. Ya tsananta kan masu barin sallar Juma'a, ya yi ƙoƙarin sauya suturar mata bai ci nasara ba. Saɓani da wani waziri ya sa ya ajiye aikin ya bar tsibiran a 1344.

A 1352 ya ƙetare Sahara zuwa Mali. A nan da Gawo ya sake cin karo da wurin nan, amma 1,150 kacal ke sayen dinare. Abin da ake tarawa a rami a tsibiri ya zama dukiya a bakin Kwara, albarkacin nisan hanya da wahalar fatake. A 1353 ya sauka Takadda, a Nijar ta yau, ya kuma ambaci Gobir cikin ƙasashen da ake kai wa tagullar garin.

Sarkin Maroko Abu Inan ya sa marubuci Ibn Juzai ya rubuta labarinsa, aka kammala littafin Rihla a 1355. Ya rasu wajen 1369.

Ƙarnoni bayan rasuwarsa wuri ya zama kuɗin kasuwannin ƙasar Hausa. Lokacin da Bajamushe Barth ya ratsa Katsina da Kano a 1851, wuri 2,500 ne canjin dalar azurfa ɗaya, ana ɗaure 20,000 a keso guda. Haka aka ci gaba har zuwan sule da kwabo na Turawa.