Babban Gwani: Maginin Zazzau

Duk wanda ya bi hanyar Gusau, ya wuce Tsafe da Funtuwa ya shiga birnin Zariya, zai ji sunan wata unguwa, Babban Gwani. Asalinsa laƙabin wani magini ne, Malam Mika'ilu, wanda wasu ke kira Muhammadu Durugu. Ya yi zamani da Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, kuma a lokacinsa ne ya gina babban masallacin Juma'a na Zariya.

Sai a tuna da abin da ke hannunsa. Babu siminti, babu rodi. Tubali ne na laka, da azara ta giginya wadda gara ba ta cika ci ba. Amma azara tana da iyaka: in an shimfiɗa ta fiye da wajen kamu huɗu tsakanin bango da bango, aka ɗora mata laka, sai ta lanƙwashe. To, yaya za a rufe ɗakin da zai ɗauki ɗaruruwan mutane? Sai ya riƙa dasa azara cikin ginshiƙi, hawa kan hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, ana ɗaure su ana lulluɓewa da laka, har hannun dama da na hagu su haɗu a sama su zama bakan gizo. A kan waɗannan ya ɗora tulluwa. Magina sun san dabarar kafin shi, amma shi ya kai ta inda ba a taɓa kaiwa ba. Ina ganin ɗalibanmu masu kukan lissafi ya kamata su tsaya a nan su yi tunani, domin nauyi ne mutumin ya auna da ido.

Labarin baka ya ce da dare yake gini, kuma wai Sarkin Birnin Gwari ya sa an kashe shi bayan ya gama masa masallaci, don kada ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi.

Da irin wannan gini na laka da baka aka yi Cocin St. Bartholomew na Wusasa a 1929. Masallacin kuwa, wani sashensa ya rufta ranar 11 ga Agusta, 2023, ana sallar la'asar, aka yi asarar rayuka. Tun kafin haka wani masani ɗan ƙasar Poland, Dmochowski, ya auna shi ciki da waje, aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihi na Jos.