Tarihin Bishof Turner na Amurka

Sa'ad da Sarkin Musulmi Bello ya rasu a Wurno cikin 1837, akwai wani yaro baƙar fata ɗan shekara uku a can Amurka, sunansa Henry McNeal Turner. Ɗa ne, ba bawa ba, amma bai sami shiga makaranta ba. A wani ofishin lauyoyi inda yake shara aka koya masa karatu. Da ya girma ya zama mai wa'azin Kirista, cikin 1858 kuma ya shiga ɗarikar AME, wadda baƙaƙen fata suka kafa wa kansu tun 1816 saboda wulakancin da Turawa ke yi musu wajen ibada.

Cikin 1865 aka hana bauta a Amurka. Mutum wajen miliyan huɗu suka wayi gari 'ya'ya, amma galibinsu ba gona, ba karatu. Turner ya bi Jihar Jojiya gari gari yana kafa majami'u, watau ɗakunan ibadar Kirista. Majami'ar nan ita ce abu guda da ba Bature ke riƙe da mabuɗinta ba. A ciki ake ibada ran Lahadi, sauran ranaku ta zama makaranta, yara da rana, manya da dare. A nan ake tara gudummawar jana'iza, a nan ake shawarar wanda za a zaɓa. Mu da muka san matsayin masallaci da makarantar allo a Wurno da Rabah da Goronyo, wannan ba zai zama mana baƙon abu ba.

Cikin 1868 aka zaɓe shi Majalisar Dokokin Jojiya, amma a shekarar nan Turawan Majalisar suka kore shi tare da sauran wakilai baƙaƙe. Sai 1870 aka mai da su. Cikin 1880 ya zama Bishof.

Daga baya ya fid da rai ga samun adalci a Amurka, ya riƙa kiran mutanensa su koma Afirka. A nan muna ganin ɓacin rai ya rinjaye shi, gama daga cikin waɗanda jirage biyu suka kai Laberiya cikin 1895 da 1896, cuta ta kashe wasu, wasu suka juya. Mafi yawan jama'arsa kuwa ba su yarda su bar majami'u da makarantun da suka gina da guminsu ba. Ya rasu a Kanada cikin 1915.