Malam Abdullahi na Gwandu: Ranar da Zuciyarsa Ta Karaya

Da sunan Allah Mai Rahama Mai Jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya kai ɗan'uwa matashi, wataƙila ka ɗauko karatu ko aikin wa'azi da zafinka, yau kuma ka ga abokai sun watse, wasu sun koma neman abin duniya, har kana tambayar kanka ko kai ne ba ka isa ba. To, zauna ka ji labarin wani bawan Allah da irin wannan damuwa ta kawo shi cikin ganuwar Kano.

An haifi Malam Abdullahi ɗan Fodiyo wajen shekarar 1766. Ƙanen Shehu Usmanu ne, ɗalibinsa ne, kuma wazirinsa. Yana cikin jagororin rundunar Musulmi a Tafkin Kwatto a 1804, inda aka karya mayaƙan Gobir. Ba rago ba ne, ba kuma jahili ba.

Amma da nasara ta fara zuwa, sai ya ga zukata sun canza. Mutanen da suka yi hijira don Allah, ga su suna rububin ganima da sarauta da manyan riguna, ga nagartattun abokansa sun yi shahada. Abin ya yi masa nauyi ƙwarai. Wajen 1807 ya bar runduna, ya fuskanci gabas da 'yan abokai kaɗan, da niyyar tafiya ƙasa mai tsarki. Ka lura, bai ɓoye wannan rauni ba. Shi da kansa ya rubuta shi a littafinsa Tazyinul Waraƙat.

Da ya iso Kano, sai jama'a suka tare shi, suka roƙe shi ya koya musu yadda ake tsai da shari'a. Ya tarar abin da ya gudo wa yana nan ma. To ina mafaka? Sai ya zauna, ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam a kan hukuncin mulki da adalcin shugabanni. Daga nan ya fasa tafiyar, ya koma bakin aiki. A 1808 Alkalawa ta faɗi.

Jarrabawa ba ta ƙare ba. Da Shehu ya rasu a 1817, aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, Malam Abdullahi ya iso Sakkwato ya tarar an rufe ƙofa. Ya juya, bai ja runduna ba, bai raba kan Musulmi ba. Bayan 'yan shekaru, a yaƙin Kalambaina, Bello ya kawo masa ɗauki, suka sasanta, ya yi wa ɗan wansa mubaya'a. Ya ci gaba da karantarwa har ya rasu a Gwandu a 1829. Tafsirinsa Liya'ut Ta'wil har yau ana karanta shi a zaurukan Kano.

Saboda haka ɗan'uwa, in ka gaji, kada ka ce imaninka ne ya tafi. Faɗa wa malaminka ko amininka, kada ka haɗiye. Yarda da kai a Musulunci shi ne ka san abin da Allah Ya hore maka, ka yi aiki da shi, ka dogara gare Shi. Gobe da asuba ɗauki littafinka ka koma zaure.

Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi, Ya tabbatar da dugaduganmu a kan Sunna. Amin.