Malam Abdullahi na Boɗinga da ilimin ma'aunin kalma

Ɗan'uwa matashi, idan ka taso daga Shagari za ka Sakkwato, sai ka ratsa Boɗinga. Ko ka san cewa a garin nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa, lokacin da yayansa Shehu Usmanu yake Sifawa, nan kusa?

An haife shi wajen 1766. A hannun Shehu ya yi yawancin karatunsa, ya kuma ɗauki ilimi wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Shi ya jagoranci rundunar jama'a a Tafkin Kwatto a 1804, inda aka karya mayaƙan Gobir. Amma nasara ba ta rufe masa ido ba. Da ya ga son dukiya da sarauta ya fara shiga zukatan wasu, sai ya bar gida da niyyar tafiya Gabas. A Kano mutane suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu, nan ya rubuta Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki bisa ƙa'ida, sannan ya komo.

A 1812 aka ba shi kula da yammacin daula, Muhammadu Bello kuma gabas. Da Shehu ya rasu a 1817, Bello aka yi wa mubaya'a, zumunci ya ɗan yi sanyi, har sai da Bello ya kawo masa ɗauki a yaƙin Kalambaina suka daidaita. Ya rasu a Gwandu a 1829.

To, ga abin da ba a cika gaya mana ba. Bayan tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, Malam ya tsara ilimin harshen Larabci a baitoci: Bahrul Muhiɗ a nahawu, Hisnur Rasin a sarfu. Shi sarfu a kan ma'auni yake tafiya. Malaman Basra na farko sun ɗauki haruffa uku, fa da ain da lam, suka mai da su gurbi, kowane tushen kalma na iya zama a ciki. Zuba k-t-b a ma'aunin maf'ul, ka sami maktub, abin da aka rubuta. Zuba sh-r-b, ka sami mashrub, abin da aka sha. Ƙa'ida ɗaya, kalmomi barkatai.

Amma gurbin yana da iyaka. Ma'aunin af'al na fifiko, wanda ya ba mu akbar, ba ya karɓar kowane aiki. Dole ya zama mai haruffa uku, kuma abin da wani zai iya fin wani a cikinsa. Shi ya sa ba a gina shi daga mutuwa: ai babu mamacin da ya fi wani mutuwa.

Kai da ke koyon rubuta manhaja, ba ka ji kamar ka san wannan ba? A harshen Java, tun 2004, kana iya sa harafin T ya tsaya a madadin kowane nau'in bayani, lamba ko rubutu. Idan kuwa aikinka shi ne nemo mafi girma a jeri, sai ka ɗaure T da sharaɗi: nau'in da za a iya gwada 'ya'yansa da juna kawai. Wanda bai cika ba, tun kafin manhajar ta fara aiki za a ƙi shi.

Ba Malam ne ya ƙirƙiro Java ba, kar ka je ka faɗa a majalisa a yi maka dariya. Abin nufi, tarbiyyar tunanin iri ɗaya ce: ka gano ƙa'idar da ta game, sannan ka san inda ta tsaya. Don haka in kana da karatun zaure, kar ka ajiye shi a ƙofar ɗakin kwamfuta, shiga da shi. Allah ya jiƙan Malam Abdullahi.