Fannie Lou Hamer, Matar da Ta Kafa Gonar 'Yanci

Tunda bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu ya sake haɗa mu, mun ga ya dace wannan shafi ya ɗauko tarihin wata mata da ta yi irin aikin da muke yi, a wata ƙasa mai nisa. Sunanta Fannie Lou Hamer, baƙar fata ce 'yar Amurka, ta rasu tun 1977. Mun san wasu za su ce yunwa kuma a Amurka? To, a biyo mu a ji.

An haife ta ranar 6 ga Oktoba, 1917, a jihar Misisipi da ke kudancin ƙasar. Ita ce auta a cikin 'ya'ya 20. Ita jikar bayi ce, iyayenta ba su da ko taku ɗaya na gona, sai noman kashi-mu-raba a gonakin audugar Turawa a gundumar Sunflower. Yadda abin yake, mai gona ne zai ba ka iri da taki da abincin da za ka ci da damina, duk bashi. In an cire auduga shi zai auna, shi zai sayar, shi zai yi lissafi. Galibi iyali su shekara suna wahala, a ƙarshe a ce musu har yanzu ana bin su. Fannie ta fara cirar auduga tana shekara 6. Tana shekara 13 tana cire kusan kilo 100 ko fiye a wuni, ga ta da ɗingishi tun ƙuruciya. Karatu kuwa ya tsaya tana wajen shekara 12, ko da yake ta iya karatu da rubutu sosai.

Yunwa ta santa tun a ɗakin uwarta. In an gama girbi, uwar takan kwashi yaran su bi gonakin mutane suna kalar ragowar auduga, cikin sanyi, su tara su sayar. In masu hali sun yi yanka, sai ta je ta taya aiki a ba ta kai da ƙafa da kayan ciki. Akwai lokacin da uban ya lallaɓa ya tara 'yan kuɗi, ya yi hayar gona, ya sayi alfadarai da shanu da kayan noma. Gida ya fara farfaɗowa ke nan, sai wani Bature ya shigo da dare ya zuba guba a abincin dabbobin. Duka suka mutu, iyalin suka koma gidan jiya. Wannan abu bai taɓa barin zuciyarta ba.

A 1944 ta auri Perry Hamer, direban tarakta a gonar wani mai suna W. D. Marlow, kusa da garin Ruleville. Da mai gonar ya ga ta iya lissafi, sai ya ba ta riƙon littafin awo. Shekara 18 tana wannan aiki, tana rubuta abin da kowa ya ciro da abin da aka ce ana bin sa, ga aikin gona, ga wankau da shara a gidan mai gona. Duk hanyar da ake bi a cuci manomi a kan sikeli, ta gan ta da idonta. Haihuwa ba ta tsaya mata ba, suka ɗauki 'yan mata biyu suka riƙe. A 1961 ta je asibiti a cire mata ƙari, likita Bature ya cire mata mahaifa ba tare da ya tambaye ta ba. A wancan zamani an yi wa mata baƙaƙe da yawa haka a Misisipi.

Tana shekara 44 kafin ta san cewa ita ma tana da damar yin zaɓe. A watan Agusta na 1962 wasu matasa 'yan gwagwarmaya na ƙungiyar SNCC suka yi taro a wani coci a Ruleville, suka nemi masu zuwa yin rajista. Ta ɗaga hannu. Ranar 31 ga watan su 18 suka shiga bas zuwa Indianola, hedikwatar gunduma. Aka ba su wata jarrabawa kan tsarin mulkin jihar, wadda dama an shirya ta ne don baƙaƙe su faɗi. A hanyar dawowa ɗan sanda ya tare su, ya ci direban tara wai launin motar ya cika rawaya. Tana isa gida mai gona ya ce ko ta janye sunanta, ko ta bar masa gonarsa. A daren ta fita. Bayan kwana goma aka yi wa gidan da ta fake ruwan harsashi, har guda 16, Allah ya sa ba ta ciki.

A nan ne labarinta ya haɗu da zancen abinci, kuma nan ne muke so a tsaya a duba da kyau. Da sanyi babu aikin auduga, don haka dubban iyalai sun dogara ne da rarar abincin da gwamnatin tarayya ke aikowa: garin masara, fulawa, shinkafa, madarar gari. Amma rabon yana hannun shugabannin gunduma, Turawa. Da suka ga baƙaƙe sun fara zuwa rajista, sai a ƙarshen 1962 gundumar Leflore, maƙwabciyar su Fannie, ta dakatar da yawancin rabon, mutum sama da 20,000 suka shiga uku. A Sunflower ma aka ƙuntata. Ba a buƙatar bindiga, tukunya kawai aka kama. 'Yan gwagwarmaya suka yi ta tara abinci da tufafi daga biranen arewa irin su Shikago ana kawowa a manyan motoci, ƙofar gidan Fannie a Ruleville ta zama wurin rabo. Ta ga mata sun yi layi da yara a goye, ta kuma ga yadda wanda ke da niyyar rajista yake fasawa saboda tsoron abin da yaransa za su ci gobe.

Sauran gwagwarmayarta ta siyasa sananniya ce, ba za mu daɗe a kai ba. Ta ci jarrabawar rajista a farkon 1963. A watan Yunin shekarar aka kama ta a garin Winona, aka yi mata dukan da ya lalata mata ƙoda da ido ɗaya har ƙarshen rayuwarta. A watan Agusta na 1964 ta tsaya a babban taron jam'iyyar Dimokurat ta ba da labarin dukan a talabijin, har Shugaba Lyndon Johnson ya kira taron manema labarai na gaggawa don a ɗauke kyamara daga kanta, amma da dare gidajen talabijin suka sa jawabin. Bayan wata ɗaya ta zo Afirka ta Yamma, ƙasar Gini, inda Shugaba Seku Ture ya karɓe su. Ta koma tana ba da labarin mamakin ganin baƙaƙe na tuƙa jirgin sama, suna riƙe da banki, suna mulkin ƙasarsu. A 1965 aka yi dokar da ta soke irin waccan jarrabawa.

Ƙuri'a ta samu, amma ciki bai cika ba. A daidai lokacin injin cirar auduga da maganin kashe ciyawa sun maye gurbin hannu, masu gonaki suka yi ta korar iyalan da suka shekara da shekaru suna yi musu bauta. Gundumomi da yawa suka sauya daga rabon abinci kyauta zuwa takardun sayen abinci, waɗanda sai ka biya wani abu kafin a ba ka. Wanda ba shi da ko sisi fa? A gundumar tasu kuma akwai Sanata James Eastland, mai ƙatuwar gona, wanda gwamnati ke biya sama da dala 100,000 a shekara don ya bar wani sashe na gonarsa ba shuka. A 1967 Sanata Robert Kennedy ya zagaya yankin ya ga yara masu kumburarren ciki. A shekarar ce kuma 'yar riƙonta Dorothy ta rasu da zubar jini, bayan an rasa asibitin kusa da zai karɓe ta, ta bar wa Fannie jikoki biyu.

Ra'ayinta a lokacin ya tsaya a kan abu ɗaya: mutumin da ke da abinci a ajiye da dabba a garke, ba a juya shi yadda aka ga dama. Sai ta fara da dabba. Da taimakon wata babbar ƙungiyar mata baƙaƙe ta ƙasa, wadda Dorothy Height ke shugabanta, aka sayo aladu 'yan gommai aka kafa abin da suka kira bankin alade. Mun san wasunmu sun yamutsa fuska. Su Kiristoci ne, kuma shi ne naman talaka a can, ga saurin haihuwa. A cire alade a sa akuya, sai a ga abin da muka sani ne, irin aron dabbar da Fulani da 'yan'uwanmu na Nijar ke kira habbanaye. A ba iyali mace mai ciki su kiwata, in ta haihu su mayar wa banki 'ya'ya biyu, sauran nasu ne, bankin kuma ya miƙa wa wani gida. Cikin 'yan shekaru dabbobin suka kai dubbai, ɗaruruwan iyalai suka ci nama daga garkensu, wasu a karon farko.

A 1969 ta kafa ƙungiyar haɗin gwiwa ta Freedom Farm, wato Gonar 'Yanci. Da gudummawar wata ƙungiyar agaji ta jihar Wisconsin da roƙon da mawaƙi Harry Belafonte ya yi wa jama'a, aka sayi eka 40. Ba a fi shekara biyu ba aka ƙara eka 640, mafi yawan kuɗin bashi. Aka raba gonar gida biyu: wani sashe auduga da waken suya don a sayar a biya bashin fili, wani sashe kayan ci, kuɓewa, wake, dankali, tumatir, kokwamba da ganyen miya. Wanda ya yi aiki ya ɗiba, wanda ba ya iya aiki a kai masa. Mata suna dafa rara su adana a kwalabe saboda sanyi. Ba ta ware Turawa matalauta ba, duk da abin da aka yi mata, su ma in sun zo a ba su. Ƙungiyar ta taimaki iyalai da dama suka cike takardun rancen gidaje na gwamnati, ta biya musu kuɗin kafin alƙalami, mutanen da ba su taɓa kwana a ɗaki mai famfo ba suka samu na kansu. Har da wurin ɗinki da tallafin karatun yara.

To, ga inda gizo ke saƙa, kuma ba za mu ɓoye ba don muna biki. Kuɗin wata dala 1 ne kacal. Iyalai wajen 1,500 ne ke amfana, amma masu biya ba su wuce 30 ba. Ba mugunta ba ce, babu ce. Sai dai hakan na nufin ƙungiyar tana numfashi ne da kuɗin waje, kuɗin wajen kuma bakin Fannie ne ke kawo shi. Ita ce yau wannan jami'a, gobe wancan coci, tana jawabi ana ba ta, ta dawo ta zuba a gona. Ga ta da hannu sake: wanda aka yanke wa wuta, wanda ba shi da kuɗin magani, duk gidanta suke nufa, kuma ba ta iya cewa babu. Mu da muke zama ranar adashi mun san irin wannan uwa, akwai su a cikinmu, Allah ya saka musu. Mun kuma san yadda akwati ke ƙarewa in jari da sadaka suka kwana a aljihu ɗaya. A ganinmu bankin dabbobi ya fi gonar tsari, don shi kowa ya karɓa sai ya mayar da wani abu, ita kuwa gonar an ɗauko mata bashin da ya fi ƙarfin masu ita. Ba laifinta muke gani ba. Wadda yaran unguwa ke kuka a ƙofarta, da wuya ta tsaya jiran lissafi ya daidaita.

Daga 1972 zuwa 1973 ambaliya da fari suka bi juna, amfanin sayarwa ya lalace. Tattalin arzikin Amurka ya shiga matsi, masu ba da gudummawa suka ja baya ɗaya bayan ɗaya. A 1974 manajan gonar, Joseph Harris, ya rasu kwatsam. Ita kanta jiki ya ƙi: hawan jini, ciwon sukari, ga tsohon ciwon dukan Winona. Babu wanda aka horar ya riƙe abin in ba ta nan. Bashin fili da haraji suka taru, babbar gonar ta tafi, zuwa 1976 ƙungiyar ta rufe.

A shekarar aka gano tana da kansar mama, aka yi mata aiki. Watanninta na ƙarshe a gida ta yi su, ba kuɗi, masu leƙo ta kaɗan ne. Ta rasu ranar 14 ga Maris, 1977, a wani asibiti a garin Mound Bayou, tana da shekara 59. Ranar jana'izarta cocin ya kasa ɗaukar jama'a, sai da aka yi wani taron a makarantar garin, jakadan Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, Andrew Young, shi ya yi jawabin ban kwana. Tun tana da rai ta nuna ba ta so a binne ta a gonar wani Bature, don haka aka binne ta a Ruleville, a wani yanki na filin da ƙungiyarta ta saya. Da mijinta ya rasu a 1992, aka sa shi kusa da ita.