Wynton Kelly

Wynton Charles Kelly (2 ga Disamba, 1931 – 12 ga Afrilu, 1971) makaɗin piyano ne ɗan ƙasar Amurka, wanda ya shahara a kiɗan jazz, musamman wajen ƙirƙirar kiɗa nan take a kan tsarin blues.

Farkon rayuwa

An haife shi a Brooklyn da ke birnin New York. Iyayensa 'yan Jamaika ne da suka yi ƙaura zuwa Amurka. Ya fara kaɗa piyano yana ɗan shekara huɗu, kuma tun yana matashi yake neman abinci a ƙungiyoyin kiɗan rawa na baƙaƙen fata.

Aiki

A shekarar 1951 kamfanin Blue Note ya ɗauki faifansa na farko. Ya yi wa mawaƙiya Dinah Washington kiɗa, ya kuma yi aiki da Dizzy Gillespie. Aikin soja ya katse masa sana'a na kimanin shekara biyu.

A farkon 1959 ya shiga ƙungiyar Miles Davis. A faifan Kind of Blue na wannan shekarar, Bill Evans ne ya kaɗa piyano a dukkan kiɗe-kiɗen, ban da Freddie Freeloader, wanda blues ne. Shi aka bar wa Kelly. A shekarar ce kuma ya fitar da nasa faifan, Kelly Blue.

A 1963 ya bar Davis, ya kafa ƙungiyar mutum uku tare da Paul Chambers mai babban goge da Jimmy Cobb mai ganguna. A 1965 suka ɗauki faifan Smokin' at the Half Note tare da makaɗin gita Wes Montgomery.

Salon kiɗa

Blues zagaye ne mai gaɓa 12, layi uku masu gaɓa huɗu-huɗu, wanda ake maimaitawa. Mai goge da mai ganga su riƙe zagayen, shi kuwa mai piyano ya riƙa ƙago sabon kiɗa a kowane zagaye. Kelly yakan jefa gajeren zance da hannun dama, hannun hagu ya amsa masa, tamkar mawaƙi da 'yan amshi. An kuma san shi da iya raka sauran makaɗa ba tare da ya danne su ba.

Mutuwa

Mutuwar Chambers a 1969 ta kawo ƙarshen ƙungiyar, kuma aiki ya ragu wa Kelly a shekarunsa na ƙarshe. Ya mutu a Toronto ta ƙasar Kanada bayan ciwon farfaɗiya ya buge shi, yana da shekara 39.