LIKITA MILLER NA ZARIYA: MUTUMIN DA BAI CE BA AIKINA BA NE

 A wannan fitowa mun kawo muku tarihin wani Kirista Bature da ya rayu cikin Hausawa, don akwai abin koyi a ciki ga kowa, Musulmi da Kirista.

An haifi Walter Miller a ƙasar Ingila a 1872. Ya yi karatun likita a asibitin St Bartholomew da ke London, ya samu difilom ɗinsa. Da ya so, da ya zauna gida ya ci riba da iliminsa. Amma ya shiga ƙungiyar mishan ta CMS da niyyar zuwa ƙasar Hausa. Tun kafin ya iso ya gane magani ba ya aiki in mai ciwo da mai magani ba su ji maganar juna. Sai ya tafi Tarabulus, inda fatake da mahajjata Hausawa suke sauka, waɗanda ayarinsu kan bi ta Damagaram da Azbin. Can babban likita ya koma ɗan makaranta, yana tambayar sunan kowane abu, matalauta da yara suna gyara masa baki.

A 1900 ya biyo Bishop Tugwell har Kano. Sarki Alu bai yarda su zauna ba, suka juya suka sauka Girku a ƙasar Zazzau. Zaman ya yi tsanani, har ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu a can. Miller bai fid da rai ba. A 1905, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, ya samu wurin zama cikin birnin Zariya.

To, nan ne abin da muke so ku duba. Ya buɗe wurin ba da magani, wannan kam sana'arsa ce. Amma ya ga yara na bukatar karatu, kuma babu malami. Bai taɓa shiga makarantar horon malamai ba, duk da haka ya buɗe lakwal, ya riƙe alli da hannunsa, ya kula da cinsu da kwanansu. Mu da aka horar don wannan aiki mun san nauyinsa. A 1929 aka mai da mishan ɗin Wusasa, bayan gari. Daga wannan makaranta aka samu Likita Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewacin Nijeriya.

Haka kuma ya ga Kiristoci ba su da cikakken Littafi Mai Tsarki cikin Hausa. Fassara ba ta cikin abin da aka koya masa a asibiti. Ya ɗauke ta duk da haka, shekara da shekaru, tare da malamai Hausawa da waɗansu 'yan mishan, ana auna kalma ɗaya ɗaya. Littafin ya fito a 1932. Shi Kiristoci masu jin Hausa suka yi ta karantawa kusan shekara 50, a Nijeriya da nan Nijar, har Damagaram da Tsibiri, kafin a yi sabuwar fassara.

Ba mu ce ba shi da aibi ba. Mutum ne mai kafiya, ya sha yin sa-in-sa da Turawan mulki, har da abokan aikinsa. Amma in aiki ya taso babu mai yi, ba ya duban difilom. Ya rasu a Bukuru kusa da Jos a 1952. Yau ba a cika tuna yawan marasa lafiyan da ya duba ba. Abin da ya wanzu shi ne lakwal da Littafi, ayyuka biyu da ba su ne fanninsa ba.

Kiristoci sun san tushen wannan hali. Cikin Linjilar Yohanna, sura 13, an ba da labarin yadda Yesu Almasihu ya ɗauki ruwa da tsumma ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da bara ke yi. Wanda ya fi kowa girma a ɗakin shi ya durƙusa. Tawali'u ke nan: mutum ya yarda ya zama sabon shiga, a gyara masa, a yi masa dariya ma, don amfanin waɗansu.

Yanzu mu dubi kanmu. In aka nemi mai riƙe kayen kuɗin ƙungiya, sai ɗan kasuwa ya ce bai yi lakwal ba. In aka ce a fito yaɓen aji kafin damina, sai ma'aikacin biro ya ce shi ba magini ba ne. In rijiya na bukatar yasa, kowa ya dubi ɗan uwansa. Da haka aiki ke kwana, damina ta zo ta same shi. Wanda bai iya lissafi ba, ya zauna kusa da wanda ya iya, cikin wata biyu zai iya. Wanda bai iya yaɓe ba, ai ya iya ɗaukar ƙasa da ruwa.

Dattawa, muna roƙon ku ƙarfafa wa yara gwiwa, kada a kunyata wanda ya gwada ya kasa. 'Yan ci-rani na Kano, Damagaram da Yamai, in kun zo gida ku zo da hannuwanku tare da gudummawarku. Allah ya ba mu zuciyar hidima, ya bar mu tare. Amin.